Layin da Malama Ta Soke

A makarantar ikkilisiya da ke bayan tashar mota, da wuya ka ji an kira ta da ainihin sunanta. Malama Me-ya-sa yara suka laƙaba mata, har iyaye suka ɗauka, domin ba ta karɓar amsa haka kawai. Yaro ya ce ƙarfe yana tsatsa in ya jiƙe, sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta ce, "To, me ya sa?" Shekara goma sha tara ta yi tana koyar da kimiyya a aji biyar, a ɗaki mai tagogi huɗu da allon da ya tsage daga gefen hagu.

Mahaifiyarta wanki take yi a wani ƙaramin asibiti, mahaifinta kuma shi ke share coci yana jera benci. Tsakanin wuraren nan biyu ta tashi. Da safe ta taya uwa shanya zannuwan gadon marasa lafiya, da yamma ta taya uba tattara littattafan waƙa. Shi ya sa da ta fara koyarwa wani abu ya tsaya mata a rai. Takwas saura kwata za a tara yara a fili a yi addu'a da waƙa, takwas na cika kowa ya shige aji, daga nan ba a ƙara ambaton Allah sai washegari. Takan ce wa abokan aikinta, "Kamar baƙo muka mayar da shi. Mu gaishe shi a bakin ƙofa, mu shige ciki mu bar shi a tsaye." Sai ta fara ƙara 'yan kalmomi a ƙarshen darasi. In ta koyar da yadda ido ke gani, ta sa su yi tunanin hikimar da aka zuba a abin da bai kai ƙwai girma ba. In ta koyar da ruwa, ta kawo maganar amanar da aka ba ɗan Adam, kada ya ɓata abin shan maƙwabcinsa.

Da hukumar makarantun ikkilisiya ta yanke shawarar rubuta sabuwar manhaja, wadda bangaskiya za ta ratsa kowane fanni tun daga lissafi har tarihi, ba a yi dogon tunani a kan wanda za a ba kimiyya ba. Makarantu goma sha huɗu ne za su yi amfani da littafin. Shugaban hukumar kuwa Fasto ne, yayan mijinta. Shekara biyu ta yi ba ta da hutun Asabar. Darussa sittin da biyu ta rubuta da hannu, kowanne da ɗan akwati a ƙarshensa mai suna Hasken Bangaskiya, inda ake haɗa darasin da Maganar Allah.

A darasin cututtuka da magunguna layi uku ta rubuta a akwatin. Na farko: Allah ne mai warkarwa. Na biyu: mai cikakkiyar bangaskiya ba ga magani yake dogara ba, ga Allah yake dogara. Na uku: saboda haka mu sha maganin da likita ya ba mu da godiya, domin shi ma kyautar Allah ne. Daga zuciyarta ta rubuta su, don shekara shida kafin nan mijinta, mai gyaran firji, ya kwanta ciwon huhu har likitoci suka fara kallon ƙasa in ta yi musu tambaya. Ikkilisiya ta yi ta addu'a, ya tashi.

Ranar da aka kai aikin ga mai buga takardu, matar ta juyo da fuskar kwamfuta ta ce, "Malama, akwatin nan layi biyu yake ɗauka. In na matsa, hoton kwalbar magani zai faɗa wani shafin." Akwai akwatuna arba'in da ke jiran dubawa, rana kuma ta yi nisa. Malama ta karanta layukan uku da sauri. Na ukun ya yi mata kama da maimaici, tunda duk shafin maganar magani yake yi. Ta ɗauki jan biro ta soke shi.

An fara gwada littafin a ajinta a zangon karatu na biyu, aka aika kwafin gwaji zuwa wasu makarantu biyar. Wata Alhamis ta koyar da darasin. Tana goge allo sai ta ga hannu a sama a layi na uku kusa da taga. 'Yar tela ce, wadda a gidansu suke kira Auta, ƙarama a ajin, mai tsaftar rubutu, wadda tun farkon shekara ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

"Malama, in mutum yana shan magani kullum kullum, bangaskiyarsa ba ta cika ba ke nan?"

Daidai nan aka kaɗa ƙararrawar tara. Benci suka fara ƙara, ga shugaban makaranta a bakin ƙofa yana yi mata alama da hannu cewa motar maɗaba'a ta iso da littattafan. Zuciyarta ta riga ta tafi can. Ta ce, "Amsar tana cikin akwatin. Ki haddace shi sosai, zai fito a jarabawa." Ta fita ta je ta ga katan-katan ana saukewa, ta buɗe ɗaya ta shaƙi ƙamshin sabuwar takarda.

Kwana goma sha biyu bayan haka, ranar Talata, suna darasin maganaɗisu. Ta zuba ƙananan ƙusoshi a kan tebur, yara sun miƙa wuya suna kallo. Sai ta ji wani sauti daga wajen taga, kamar wanda aka shaƙe. Kafin ta juya, Auta ta sulale daga benci, goshinta ya bugi kusurwar tebur. Jikinta ya sandare, sannan ya fara jijjiga, idanu sun juye, kumfa na fitowa daga gefen baki. Yara suka watse suna ihu, wata tana cewa aljanu ne.

Abin da ta gani a asibitin da uwarta ke wanki shi ya motsa hannuwanta. Ta ture benci, ta cire ɗankwali ta naɗe ta sa a ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta gefe. Malamin lissafi ya shigo a guje da cokali zai cusa mata a baki, ta kama hannunsa ta ce, "Kada ka sa mata komai. Ka kira shugaba ya kawo mota." Ta kafa ido a agogon bango. Minti uku. Minti biyar. Jijjigar ta lafa, ta ɗauka an wuce wurin, sai ta sake tasowa, leɓɓan yarinyar suka fara sauya launi. Malama tana addu'a a ranta amma kalmomin ba sa haɗuwa. Su uku suka ɗauke ta zuwa mota. Ita ta zauna a baya da kan yarinyar a cinyarta, jini yana jiƙa mata siket, jakar makarantar kuma wani ya jefo ta ta taga.

A asibiti aka shige da ita bayan labule. Ba a jima ba tela ya iso, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, matarsa na biye da takalmi wari da wari. Nas ta fito ta tambaya ko yarinyar tana da wani ciwo. Tela ya dubi shugaba, ya dubi Malama, ya sassauta murya har sai da nas ta matso.

"Farfaɗiya ce. Shekara uku ke nan. Amma tunda aka ɗora ta a kan magani ba ta ƙara faɗuwa ba."

"Tana sha a kan lokaci?"

"Da hannuna nake ba ta," in ji uwar. "Safe da yamma. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Nas ta koma ciki. Suka zauna a dogon benci. Uwar ta janyo jakar 'yarta ta rungume, can ta zuge zif tana neman abin goge fuska. Cikin gwangwanin fensir ta ci karo da wata takarda a dunƙule. Tana warwarewa, fararen ƙwayoyi suka zubo mata a cinya, wasu sun narke gefe sun bushe, alamar an sa su a baki an fito da su. Sun fi ashirin.

Tela ya karɓi takardar ya miƙar da ita a gwiwarsa. Daga littafin rubutu na kimiyya aka yago ta. Da rubutun Auta mai tsafta, layuka biyu ne aka yi ta maimaitawa daga sama har ƙasa, yadda yaro ke yi in yana hadda. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Malama ba ta buƙaci leƙawa ba, daga inda take ta gane tsayin layukan.

"Wa ya koya mata wannan?"

Shugaba ya buɗe baki, amma Malama ta riga shi. "Ni ce. Ni na rubuta, ni na koyar."

Uwar ta juyo ta dube ta tun daga tabarau har jinin da ke siket ɗinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara uku ina lallashin yarinyar nan ta haɗiyi abu mai ɗaci. Ke rana ɗaya kika yi kika rushe komai." Ta tashi ta koma ƙarshen bencin.

Sai bayan awa biyu likita ya fito ya ce an shawo kan abin, an ɗinke goshin, amma za su riƙe ta su ga yadda za ta farka. Tela ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya raka Malama da shugaba bakin ƙofa ya ce, "Malama, abu ɗaya nake roƙo. Ko 'yan'uwana ba su san ciwon nan ba. Kada sunan 'yata ya shiga bakin mutane."

A mota shugaba ya yi tuƙi mai nisa kafin ya yi magana. "Kada ki ƙara cewa 'ni ce' a gaban kowa sai hukuma ta zauna. Kin san masu duba makarantu na ma'aikatar ilimi dama suna ƙorafin muna cusa wa'azi cikin kimiyya. Wannan ya kai kunnensu, ba littafinki kaɗai zai tafi ba."

Da ta isa gida mijinta na tsakar gida ya kwance bayan wani firji. Ya ga jinin, ya ajiye sukudireba. Ta ba shi labari a tsaye, sannan ta shiga ɗaki ta fito da rubutun hannunta na asali, ta buɗe masa shafin. Ga layi na uku nan, jan biro ya ratsa shi.

"To ai ga shi kin rubuta," ya ce. "Ki nuna musu. Wuri ne bai isa ba."

"Mai buga takardu ta ce wuri bai isa ba. Ni na zaɓi wanda zan soke."

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana kallon shafin. "Ni dai ƙwaya ta fi ɗari bakwai na haɗiya a ciwon nan. Duk shaidar da kika bayar a coci, ban taɓa jin kin yaba wa maƙogwarona ba." Ya faɗa ne don ta yi dariya. Ba ta yi ba, shi ma sai ya daina murmushin.

Washegari kafin ta fita Fasto ya zo. Bai zauna a kujerar da aka ba shi ba, ya tsaya riƙe da makullin mota. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya tsaya musu lokacin jinyar ƙanensa, kuma shi ya kai sunanta gaban hukuma.

"Na je asibiti, ta farka, ta gane uwarta. Mu gode wa Allah. Yanzu ga shawara. Bikin ƙaddamar da littafin saura kwana tara. Za mu buga 'yar takarda mu manna a kan akwatin nan a kowane kwafi. In an tambaya, kuskuren ɗab'i ne. Kin tsira, makaranta ta tsira, asirin yarinyar ya rufu."

"Yaya, ba kuskuren ɗab'i ba ne."

"Na sani. Amma wa zai amfana in kin tsaya kina dukan ƙirji a gaban jama'a?"

"Ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Kwafin gwaji yana makarantu biyar. Jadawalinmu ɗaya, sun koyar da darasin nan makon da na koyar. Yara nawa ne a can ke shan magani kullum ba mu sani ba? Masu asma, masu sikila. Ya kamata malamansu su ji yau."

Fasto ya juya makullin a hannunsa. "Hukuma za ta zauna Jumma'a. Ki bari sai Jumma'a. Ina gaya miki ne a matsayin shugaba, ba a matsayin yayan mijinki ba."

Ta shiga aji ta koyar da darasin farko ba ta san me ta faɗa ba. Bencin kusa da taga babu kowa, yaran da ke zama gefen Auta sun ja nesa da wurin kamar zai kama su. Daga Laraba zuwa Jumma'a kwana biyu ne, ta yi ta juya wannan a ranta. Da aka fita tara ta zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda tankin ruwa yake, ta fito da waya. Sai da ta kuskure lamba sau biyu.

Malamai biyar ta kira ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ambaci yarinya ba, ba ta ambaci ajinta ba. Ta ce akwatin darasin cututtuka yana da kuskure mai haɗari, nata ne, su koma aji yau su gyara, su ce wa duk mai shan magani ya ci gaba da sha. Ɗaya ya ce ai yaransa har sun haddace, suna rerawa kamar waƙa. Wata kuma ta ce, "Akwai yaro a ajina da ya daina zuwa da abin shaƙarsa na asma tun makon jiya. Na ɗauka mantuwa ce. Bari in je." Ta kashe ba sallama.

Kafin a tashi labari ya dawo wa shugaban makaranta. Ya kira ta ofis, bai ce ta zauna ba. "An ce ki jira kwana biyu. Kwana biyu kacal." Ta ce ta sani. Ya ce ta miƙa ajinta ga malamin lissafi har sai hukuma ta yanke hukunci.

Ranar Jumma'a da rana aka zauna a ɗakin taron coci. Dogon tebur, fanka mai ƙara a sama, katan-katan na sababbin littattafan jere a jikin bango har kusan taga. Mutum bakwai ne a hukumar. Aka ajiye mata kujera ita kaɗai a ƙarshen tebur. Fasto ya buɗe da addu'a, ya karanta abin da ya faru a taƙaice, ya ce "wata ɗaliba" bai ƙara ba.

Wanda ya fara magana dattijon ikkilisiya ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya san ta tun tana bin mahaifinta jera benci. Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a kan akwatin.

"'Yata, ni na karanta layukan nan sau goma ban ga ƙarya a ciki ba. Allah ne mai warkarwa, ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ga wa mai bangaskiya yake dogara?"

"Ga Allah."

"To me kika kira malamai kina ce musu kuskure? Mun ce za mu shigar da bangaskiya cikin aji, iska ta farko ta kaɗa kin fara fitar da ita. Gobe wani zai ce akwatin halitta ma ya dame shi. Haka za mu yi ta sokewa har a koma inda aka fito."

Biyu daga cikinsu suka gyaɗa kai. Ta sha tsara amsa a hanya, duk ta gudu. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Baba, kai da ni in mun karanta layin nan, muna cika sauran da kanmu, don mun yi jinya, mun yi addu'a da kofin magani a hannu. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya ba ta da abin da za ta cika da shi. Abin da na ba ta shi ta ɗauka, kuma ta ɗauke shi da gaske fiye da yadda ni na ɗauke shi. Ta ma tambaye ni. Ta ɗaga hannu ta tambaye ni a fili, na ce ta je ta haddace." Ta mayar da tabarau. "Ban daina gaskata cewa wurin Allah yana cikin aji ba. Amma rabin gaskiya na koyar da sunansa, yarinya ta kusa mutuwa a kai."

"Kuma kika ƙi bin umarnin shugaban hukuma," in ji ma'ajin hukuma.

"Na ƙi."

Akwai wata tsohuwar nas a hukumar, wadda ba ta cika magana a taro ba. Ta janyo littafin gabanta ta ce, "Ni tambayata ɗaya ce. Kafin a buga, wa ya karanta akwatunan nan sittin da biyu, ban da ita?" Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Mu bakwai muka sa hannu. Ni ma na sa. Shekara talatin ina ba mutane magani, ban buɗe shafin magani ba, bangon kawai na yaba. In za a hukunta ta a kan waya, a rubuta cewa da ni ce, da ban jira an fita tara ba."

Dattijon ya ce shi bai yarda a taɓa layin ba, a ƙara na ukun nan da suka ji ta soke kawai. Wani ya ce a manna takarda a yi shiru. Aka yi ta ja har fanka ta tsaya da ɗaukewar wuta, ɗakin ya ɗau zafi. Fasto bai sa baki ba sai a ƙarshe. Bai dube ta ba da ya ce a ɗaga hannu.

Huɗu da uku aka tashi. An ɗage bikin har wani zango. Za a rubuta wa makarantu goma sha huɗu wasiƙa a faɗi kuskuren yadda yake, ba tare da ambaton yarinyar ba. Tsohuwar nas da wasu malamai biyu za su bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma Malama an cire ta daga kwamitin manhaja saboda saɓa umarni, an rubuta mata gargaɗi, amma za ta koma ajinta ranar Litinin. Hannun Fasto na cikin huɗun. A bakin ƙofa ya wuce ta, kuma wata uku bai taka gidansu ba.

Auta ba ta dawo ba. Bayan mako biyu tela ya aiko a ba shi takardar canjin makaranta, domin yaran ajin sun riga sun kai labari gidajensu, har an fara nuna shagonsa. Malama ta ce ita za ta kai.

Shagon ƙarami ne, keken ɗinki biyu, yadudduka rataye a igiya, ƙyallaye a ƙasa. Auta na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana ware maɓallai cikin faranti, filasta a goshinta. Uwar na ganin mai shigowa ta ɗaga labulen baya ta shige. Tela ya tsayar da keke, ya karɓi takardar, ya nuna mata benci.

Malama ta durƙusa daidai tsayin yarinyar. "Auta, kin yi mini tambaya ban amsa ba. Na zo in amsa, in kina so."

Yarinyar ta ci gaba da juya maɓalli a yatsunta. Can ta ce, "Na yi addu'a kullum, Malama. Kwana goma sha ɗaya ban faɗi ba, na ɗauka Allah ya karɓa." Ta ɗago. "Yanzu da na koma sha, ya yi fushi da ni?"

"Bai yi ba. Bangaskiyarki ba ta da laifi, koyarwata ce ta yi laifi. Wanda ya ba mutum hankalin haɗa maganin nan shi ne kike yi wa addu'a. In kin sha, daga hannunsa kika karɓa."

"To me ya sa bai warkar da ni gaba ɗaya ba?"

Tela ya ɗago daga takardar. Malama ta ji amsoshi uku sun taso mata, duk masu daɗin ji, duk irin waɗanda ke shiga layi biyu. Ta haɗiye su.

"Ban sani ba. Na daɗe ina karanta Maganar Allah, wannan ban sani ba. Abin da na sani, bai bar ki ba, kuma ki sha maganinki."

Auta ta dube ta kamar ba ta taɓa jin babba ya faɗi haka ba, sannan ta koma kan maɓallanta. Tela ya ninke takardar. "Na ji kin sha wuya a wurin manyanku," ya ce. "Ban ce na huce ba. Uwarta kuwa kada ki jira ta." Ya ɗora ƙafa a kan keke. "Amma kin zo. Ki gaida gida."

Masu bitar sun samo akwatuna huɗu da suka buƙaci gyara, ita da kanta ta aika musu na biyar ta hannun tsohuwar nas. Littafin ya fito bayan wata bakwai, babu sunanta a bango, kuma dattijon bai halarci bikin ba. Ta ƙara shekara tara a ajin nan mai tagogi huɗu kafin ta yi ritaya. Labarin Auta na ƙarshe da ya iso mata, ta bakin wata mai kai ɗinki shagon, shi ne ta gama sakandare a wani gari inda ƙanwar uwarta take aure, kuma ita ke yi wa mahaifinta zanen sababbin samfurin riguna tana aiko masa.